Kacici-kacicin Mista Alan da Saƙon Inna

Ranar da na tarar da makarantarmu a kulle ban yi ihu ba, ban kuma yi kuka ba. Tsayawa kawai na yi a kan matakala da jaka a kafaɗa, ina kallon ƙofar kamar zan iya buɗe ta da ido. Wani ɗan Habasha da muke aji ɗaya yana zaune a ƙasa ya rafka tagumi. Shi ya gaya mini hukuma ta zo ta kwashe komai, makarantar ta bogi ce, kuma takardun zamanmu sun mutu tare da ita.

Sunana Habibu, mutumin Funtuwa ne ni, kuma Turanci nake koyarwa a sakandare kafin in taho. Wani ɗan unguwarmu da ya daɗe a Washington, Ɗanjuma, shi ya samo mini gurbin karatun. Da ma tun satin farko zuciyata ba ta kwanta ba. Makarantar ɗaki biyu ce a saman wani shagon gyaran waya, malami ya zo yau, gobe babu shi. Duk lokacin da na yi ƙorafi sai Ɗanjuma ya ce, "Haka ake yi a nan, kai dai ka riƙa sa hannu." A kan matakalar nan na kira shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari layin ma ya daina shiga. Har na bar ƙasar ban sake sa shi a ido ba.

Na yi ta tafiya a ƙafa ranar, har na faɗa titin da ofisoshin jakadanci suke jere. Na hango tutarmu, kore da fari da kore, tana kaɗawa a saman wani gini. Na tsaya a tsallaken titi na daɗe. In na shiga, in ce musu me? Malamin makaranta guda an yi masa wasa da hankali kamar yaron goye? Kunya ta hana ni tsallakawa.

Da mai ɗakin da nake haya ya sallame ni, na ɗauki jakata na hau jirgin ƙasan cikin gari na Green Line ba tare da na san inda zan sauka ba. A Hyattsville na fito, don kawai na ga wasu mata biyu da ɗaurin ɗankwali irin namu sun fita, na bi bayansu kamar raƙumi da akala. Suka shiga wani shagon kayan abincin Afirka, ni ma na shiga. Warin daddawa da busasshen kifi ya buge ni. A bayan kanta wata dattijuwa tana waya, tana faɗa da Hausa.

Na yi sallama. Ta ajiye wayar ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Daga ina, ɗana?"

"Daga Funtuwa, Hajiya."

"Yaushe rabonka da abinci?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ja mini kujera ta zubo mini waakye, shinkafa da wake irin dafuwar mutanen Gana, da shito, soyayyen barkononsu mai yaji har cikin kunne. Sunanta Mma Ramatu, 'yar zangon Kumasi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta, in ranta ya ɓaci kuma sai ta juye Twi, yaren mutanen Kumasi. Ta ba ni wurin kwana a falon ƙaninta, ta sa ni jera kaya a shago. Ita ta koya mini aikin kula da tsofaffi, domin ta yi shi shekaru kafin ta buɗe shago: yadda za ka ɗaga mutum daga gado ba ka karya bayanka ba, yadda za ka wanke babban mutum ba ka tozarta shi ba. Da sanyi ya fara shigowa ta ce mini, "Akwai wani tsoho a Laurel, ya kori mutum uku. Kai malami ne, wataƙila ku daidaita."

Gidan yana bayan layin dogo, duk jirgin da zai wuce Baltimore sai tagogi sun yi rawa. Tsohon sunansa Mista Alan, haifaffen Ingila, ya zo Amurka aiki tun yana saurayi bai koma ba. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama, idanunsa kuma sun dushe, haske da inuwa kawai yake rarrabewa. 'Yarsa Suzan, wadda take zaune a Baltimore, ita ta ɗauke ni aikin. Ta nuna mini magunguna da banɗaki, sannan ta miƙo mini wasu takardu ta ce, "Wannan ne ainihin aikin. Sauran duk mai sauƙi ne."

Wasan nan ne na jarida da suke kira crossword, wanda ake zana akwatuna farare da baƙaƙe kamar saƙar tabarma, a ba ka tambayoyi, ka cike fararen da haruffan amsa. Na san shi tun a gida. Amma wanda Suzan take bugo masa daga jaridun Ingila wani iri ne daban. Aikina shi ne in karanta masa tambaya, in faɗi yawan haruffan amsar, in rubuta abin da ya ce.

Ta farko da na karanta masa ita ce: Listen, upset and saying nothing. Harafi shida.

"Me ka gani?" in ji shi.

Na ce, "Wani ne ake cewa ya saurara, ransa a ɓace, ya ƙi magana."

Ya yi wata dariya da rabin baki, don ɗaya rabin ba ya motsi. "Ka faɗa ramin da aka haƙa maka. Jimlar riga ce kawai, Habib. Ƙarshenta shi ne ma'anar amsar: wanda bai ce komai ba. Upset kuma ba ɓacin rai take nufi a nan ba, umarni ne, cewa take ka kifar da kalmar da ta zo kafinta. Hargitsa haruffan listen ka gani."

Na yi ta juya su a gefen takarda, sai ga silent ta fito, wato shiru. Na ji irin daɗin da rabona da shi tun ina gaban allo da alli a hannu. Na ce masa ai mu ma muna da irin wannan, zaurance, wanda yayyena mata suke yi don kada mu gane zancensu. Na ce in ka juya ɗaki sai ya zama kiɗa. Na ce muna da kalma ɗaya, gado, wadda take nufin abin kwanciya, take kuma nufin abin da mamaci ya bari. Ya sa na maimaita masa ita, yana gwada ja da gajarta wasalin, har ya gaji.

Haka muka shiga hunturu. Da safe in yi masa wanka, in ba shi abinci, da hantsi mu zauna a falo mu fara. Dokarsa guda ce, kullum sai ya faɗe ta: mai tambayar ba ya ƙarya, kuma ba ya sa kalmar banza. Duk kalmar da ka gani, ka tambaye ta aikin me ta zo yi. Wata rana na karanta: Where one lives in Idaho, mentally. Harafi huɗu. Ya ce in daina tunanin jihar Idaho, in duba inda kalmomi biyun ƙarshe suka haɗu. Na ɗora yatsa, ƙarshen Idaho da farkon mentally, sai ga home a kwance a tsakaninsu. Gida. Na rubuta, na ce masa zan je in duba tukunya, alhali babu komai a kan wuta.

Akwai abin da Suzan ba ta gaya mini ba. A bakin taga akwai wata kujera mai ruwan ganye wadda ba a zama a kanta. Ta matarsa ce, Magi, wadda ta rasu kafin ciwon ya same shi. Tare suke wannan wasan tun suna amarya da ango. In tambaya ta gagare mu sai ya juya fuskarsa wajen kujerar ya ce, "Magi, ke me kika gani?" Ya yi shiru yana sauraro, kansa a karkace. Can sai ya gyaɗa kai ya faɗi amsa. Matashin kujerar a lotse yake ta tsakiya, ko na kaɗe shi da safe, da la'asar sai in ga kamar ya koma yadda yake. Na gaya wa kaina tsufan auduga ne. Duk da haka ba na wucewa ta gabanta sai na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

Wata la'asar ya ce, "Ta ce ka yi kuskure a layin ƙasa."

Na duba. Na sa harafi ɗaya a inda ba wurinsa ba. Mutumin da ko fuskata ba ya gani, balle rubutun fensir. Daga baya na ce wataƙila ya ji ni ina furta haruffan lokacin da nake rubutawa. Wataƙila ɗin.

Duk ranar Juma'a nakan kira gida. Mahaifiyata, Inna, ba ta da waya, sai ta wajen yayana Lawal. Ta san abin da ya same ni, ta san kuma in na fita daga ƙasar nan ƙofa ta rufe. Tambayarta ba ta canzawa: na ci abinci, akwai masallaci kusa, sanyin bai yi yawa ba. Sai aka wayi gari muryarta ta daina zuwa. Wannan Juma'ar Yaya Lawal ya ce tana barci. Ta gaba ya ce ta tafi Malumfashi duba ƙanwarta. Ta gaba kuma mura ta dishe mata murya. Na yarda da duka, don Yaya ba mutumin da yake mini ƙarya ba ne, kuma mai son ya ji lafiya ba ya tsananta tambaya.

Sannan wata Juma'ar ya ce, "Inna ta ba da saƙo a gaya maka. Ta ce ta sa maka albarka, ta yafe maka duniya da lahira."

Daɗi ya rufe ni. Na yi ta yawo da maganar nan a raina kamar turare a aljihu. Ranar Litinin ina aske wa Mista Alan gemu, ya ce ya ji ina waƙa a kicin, me ya faru. Na fassara masa saƙon kalma bayan kalma, ina alfahari.

Sannan ya ce, "Me ka yi mata?"

"Ban yi mata komai ba."

"To yafewar me? Kalmar aikin me ta zo yi?"

Na yi dariya na ce al'ada ce kawai, haka iyayenmu suke cewa.

"Kullum suke cewa?"

"A'a, ba kullum ba. Sai in mutum zai yi doguwar tafiya, ko kuma in ya ji..."

Ban ƙarasa ba. Rezar tana hannuna, kumfa a rabin fuskarsa. Na ajiye ta a bakin kwano a hankali, na goge hannu, na fita ta ƙofar baya ba riga mai nauyi. Ƙanƙara ta rufe tsakar gidan fari fat, rana na haskawa amma ba ta da zafi ko kaɗan. Na kira Yaya.

"Yaya, don girman Allah, ka ba Inna waya. In barci take ka tashe ta. In tana Malumfashi ka ba ni lambar wanda ke kusa da ita."

Na ji numfashinsa. Na ji kukan akuya a bayansa, da sallamar wani mai wucewa.

"Habibu," ya ce, "sai haƙuri."

"Yaushe?"

"Tun kafin Mauludi. Ita ta sa mu rantse. Ta ce in ka ji za ka watsar da komai ka taho, ka zo ka tarar an riga an rufe ta, ka yi biyu babu. Saƙon nan kuwa gaskiya ne, da bakinta ta faɗa, ranar da za ta cika. Na riƙe shi ne na kasa ba ka, na kuma kasa ci gaba da riƙewa."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa ban san sau nawa ba. Jirgin Baltimore ya zo ya wuce, ban ji sauran abin da Yaya yake cewa ba.

Da na koma ciki Mista Alan yana nan inda na bar shi, kumfar ta bushe a kuncinsa. Ya lalubo hannuna da hannunsa mai lafiya ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Sannan ya nuna wajen taga da haɓa ya ce, "Zauna can. Magi ba za ta damu ba." Ban iya ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa, na jingina da keken guragun da yake kai, har hasken tagar ya juya.

Mma Ramatu ce ta yi mini zaman makoki. Ta rufe shago ranar Asabar, ta shimfiɗa tabarmi a falon ƙaninta, ta soya waina ta dama koko. Mutanen da ban taɓa gani ba suka cika ɗakin: 'yan Kumasi masu gadi a ɗakunan ajiyar kaya, wani direban tasi ɗan Maraɗi, wani likita ɗan Kano da ya zo da kayan aikinsa a jiki ya durƙusa ya yi mini gaisuwa kamar ya san Inna. Aka sauke Alƙur'ani. Mma ta zauna kusa da ni tana cewa, "Ka yi kuka, ɗana. Uwa ne, ba a jin kunyan kukan shi."

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Kunnena ya lalace. Duk maganar da ta zo daga gida sai na kifar da ita na duba ƙarƙashinta. In ƙanwata ta ce kowa lafiya, sai in ce me ya sa ta ce kowa. In Yaya ya ce yara suna gaishe ka, sai in sa a kawo mini su ɗaya bayan ɗaya in ji muryarsu. Har ya fara jin haushi, ya ce, "Habibu, sau ɗaya na ɓoye maka abu a duniya." Na ce na sani, Yaya. Amma ban daina ba. Kuma da la'asar, in jirgi ya wuce tagogi suka gama rawa, a cikin shirun da ke biyo baya nakan ji an ce "Habu", can ƙasa-ƙasa, yadda take kirana in ta ajiye mini ƙanzo. Na daina ganin baƙon abu a wajen tsohon da kujerarsa. Mu biyu ne a falon, kowa da wanda yake saurara.

Da ganye ya fara tsirowa ciwon ya sake bugunsa. Bayan asibiti Suzan ta kai shi gidan kula da tsofaffi, ta sa gidan Laurel a kasuwa. Ta yi mini godiya tana hawaye, ta ce babanta bai yi dariya da kowa ba tun rasuwar uwarta sai da ni. Na je duba shi wata Lahadi da takardar wasan a aljihu. Ɗakin fes, gado da talabijin da kujerar roba. Ya rame, bakinsa ya ƙara karkacewa. Na karanta masa tambaya ɗaya mai sauƙi. Ya juya kai hagu, ya juya dama, yana neman taga. Ya daɗe yana sauraro.

"Ba ta zuwa nan," ya ce. "Ba ta san hanya ba."

Na naɗe takardar. Na gyara masa bargo, na shafa masa mai a hannu yadda na saba, na yi masa sallama da Hausa. Ban sani ba ko ya gane ni.

Wata lauya da likitan nan ya haɗa ni da ita ta gaya mini gaskiya: in na fita, zan yi shekaru masu yawa ba a bar ni na dawo ba. Mma Ramatu ta ce ta samo mini aiki a wani gidan a Hyattsville, in zauna, komai zai daidaita, wasu sun fi ni daɗewa a haka. Da na ce mata gida zan koma ta yi faɗa, ta juye Twi, daga ƙarshe ta ƙulle mini shito a kwalba ta ce in kai wa yayana.

Na iso Funtuwa damina ta yi nisa. Washegari da hantsi Yaya Lawal ya ɗauke ni a babur zuwa maƙabarta. Ciyawa ta kai gwiwa, ruwa ya zaizaye kaburbura da yawa har sun kusa shafewa. Muka bi ta gefen katanga, Yaya yana gaba yana ƙirga da yatsa daga wata bishiyar darbejiya. Ya tsaya, ya nuna wani tudu.

"Ga ta nan."

Na ɗaga hannu zan fara addu'a, sai ya ce, "Tsaya." Ya koma wajen bishiyar ya sake ƙirgowa. Ya tsaya a na kusa da shi. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi na gaba da su. An ƙara mutane da yawa a layin tun bayan nata, fasasshen tulun da ya sa alama da shi kuma ruwa ya tafi da shi.

"Wallahi Habibu, da hannuna na sa ta. Ɗaya daga cikin ukun nan ne."

Na cire takalmi na tsuguna a tsakiyarsu. Ƙasar da ɗumi, tana ƙamshin ruwan jiya. Na ce masa ya zo ya tsuguna shi ma. Muka yi wa na farko addu'a, muka matsa muka yi wa na biyu, muka yi wa na uku, kowanne da sunanta.